Tambaya da Amsa: Sa'ad da Aiki Ya Haɗiye Mai Yinsa

Biyar daga cikin wasiƙun da suka iso wannan fili a watan nan sun faɗo kan magana ɗaya, ko da yake masu su ba su san juna ba, wato yadda mutum yake nutsewa cikin abin da yake yi har ya manta da kansa, da kuma dalilin da ya sa wannan nutsewa take ƙin zuwa a ranar da aka fi bukatarta. Mun taƙaita tambayoyin, mun kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

Tambaya, daga wani tela a Zariya: Shekarata 19 a kan keken ɗinki. A goman ƙarshe na azumi, idan ɗinkin Sallah ya taru, akwai daren da nakan zauna bayan tarawihi in ɗora shadda a keke, ban farga ba sai in ji ana kiran assalatu, har sau biyu ina yin ɗore saboda haka. Ba na jin ciwon baya, ba na jin ƙishirwa, kuma ɗinkin irin wannan dare ba a taɓa dawo mini da shi gyara ba. Amma bayan Sallah, da aiki ya yi sauƙi, riga ɗaya sai ta cinye mini yini guda. Mene ne wannan, kuma mutum yana iya jawo shi da kansa?

Amsa: Malam, abin da ka bayyana sananne ne ga masu bincike, kuma ka siffanta shi daidai da yadda mutanen da aka yi binciken a kansu suka siffanta shi. Wanda ya fi kowa bin diddigin wannan hali shi ne Mihaly Csikszentmihalyi, masanin halayyar ɗan Adam ɗan asalin Hungary, wanda aka haifa a 1934, ya koma Amurka a 1956, ya daɗe yana koyarwa a Jami'ar Chicago, ya rasu a 2021. Sunan yana karya harshe, amma furucinsa ya yi kusa da Cik-sent-mihayi. A shekarun 1960 ya riƙa zama yana kallon masu zanen hoto suna aiki, sai ya lura cewa da zarar zane ya kama hanya, mai zanen yakan manta da yunwa da gajiya da taurin kujerar da yake kai, amma kuma da ya gama, fenti ya bushe, sai ya jingine hoton da bango ya daina kula shi. Wannan ne ya ɗaure masa kai, domin in ba hoton ne abin nema ba, kuma yawancinsu ba su sa ran samun kuɗi ko suna daga gare shi, to me yake riƙe su a gaban allon zane tun safe har dare?

Daga nan ya shiga hira da masu hawan duwatsu, da gwanayen darar Turawa, da likitocin tiyata, da masu rawa, da masu tsara kiɗa, ya tarar sana'o'insu sun sha bamban amma bayaninsu kusan iri ɗaya ne. Da dama daga cikinsu sun kwatanta abin da ruwa mai gudu da ya ɗauke su yana tafiya da su, shi ya sa ya raɗa wa halin suna da kalmar Turanci mai nufin gudana. Ya fara wallafa sakamakon a 1975, sannan littafinsa na 1990 ya yaɗa maganar a duniya.

Sharuɗɗan da ya gano duk suna cikin darenka na goman ƙarshe, sai dai ba ka taɓa lissafa su ba. Ka san rigar wane ce a hannunka, ka san yaushe zai zo karɓa, kuma mafi muhimmanci, a kowane lokaci ka san abin da ke gaba, ko haɗa kafaɗa ne, ko kafa aljihu, ko fitar da wuya, don haka babu inda hankalinka zai tsaya yana tambayar me za a yi yanzu. Keken kuma ba ya ɓoye maka komai, domin idan layin ɗinki ya karkace idonka zai gani nan take, idan zare ya yi sako-sako yatsanka zai ji, ba sai ka jira wani ya duba maka bayan mako guda ba. Sannan ga sharaɗin da ya fi sauran nauyi, wato nauyin aikin ya zo daidai bakin iyawarka. Shadda ce mai tsada wadda kuskuren almakashi ɗaya zai sa ka biya, ga yawan kaya, ga ƙurewar lokaci, amma hannun da ya yi shekara 19 yana aikin ya isa ya ɗauka. Da wannan tulin kaya aka ajiye gaban yaronka da ya shekara ɗaya yana koyo, fargaba ce za ta kama shi. Kai kuma bayan Sallah, da aka kawo maka rigar da za ka iya ɗinkawa ido rufe, gundura ce ta kama ka, kuma hankalin da ba a ba shi abin da ya ishe shi ba yawo yake tafiya. Nutsewar tana zaune ne a ɗan siririn wuri tsakanin fargaba da gundura.

Batun ƙishirwa da ciwon baya kuwa, bayaninsa shi ne cewa abin da hankali yake iya riƙewa a lokaci guda kaɗan ne ƙwarai. Hausawa sun ce hankali ke gani, ido gululu ne, kuma haka yake ga sauran gaɓɓai, domin bayan naka bai daina ciwo ba, babu dai sauran hankalin da zai saurare shi ne. Haka muryar nan ta cikin zuci da take tambayar ko mai kaya zai yaba, ko kuɗin cefane zai kai, ita ma takan rasa wurin zama, kuma wanda ba ya lura da kansa ba ya lura da agogo. A 2008 Charles Limb da Allen Braun sun sa makaɗan fiyano shida cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa a Amurka, suka ga cewa idan makaɗan suna ƙirƙirar kiɗa nan take, sashen gaban ƙwaƙwalwa da yake sa ido kan abin da mutum yake yi yakan lafa. Mutum shida ba su isa a yanke hukunci da su ba, amma abin da aka gani ya dace da abin da masu sana'a suke faɗa.

Jawo shi da gangan ya yi kama da neman barci, wanda ba a kamo shi da hannu, shimfiɗa ake yi masa. Csikszentmihalyi ya ba da labarin wani ma'aikacin masana'anta wanda aikinsa maimaita abu ɗaya ne kusan sau 600 a yini, kuma an ƙayyade masa daƙiƙa 43 kan kowane guda. Mutumin ya mayar da abin gasa tsakaninsa da kansa, yana nazarin yadda zai riƙe kayan aiki da yadda zai rage motsin da ba dole ba, har bayan shekara biyar ya kai matsakaicin daƙiƙa 28 a ranar da ya fi ƙoƙari. Kai ma bayan Sallah kana iya ƙara wa aikin nauyi da kanka, ko ka sa wa rigar lokaci, ko ka zaɓi watannin sauƙi ka koyi salon wuyan da kake tura wa wani a yanzu, domin sabon abu ne kaɗai zai sake kai hannunka bakin iyawarsa. Ka kuma tuna cewa shagon tela da rana majalisa ce, da dare kuwa babu mai sallama, babu mai ciniki, babu mai neman canji, saboda haka rabin albarkar daren nan shirun ne, kuma ana samun irinsa tsakanin asuba da hantsi ba tare da an sayar da barci ba. Ɗoren kam ba abin yabo ba ne, kuma allurar keke ba ta tausayin yatsan mai gyangyaɗi.

Tambaya, daga wata ɗaliba a Katsina: Ina aji uku a jami'a, ina karatun haɗa magunguna. Idan na buɗe littafi ba na yin minti goma ban ɗauki waya ba, amma sai in yi awa uku a TikTok ban san na yi ba. Ashe ke nan ƙwaƙwalwata ta iya nutsewa. Me ya sa take ƙin yi a kan littafi, kuma shin nutsewar waya da ta aiki abu ɗaya ne?

Amsa: Malama, tambayarki ta biyu ta fi ta farko wuya, don haka da ita zan fara. Sun yi kama sosai, kuma kamannin da gangan aka gina shi. Natasha Dow Schüll, masaniyar al'adun al'umma, ta shafe shekaru tana bincike kan masu buga injin caca a birnin Las Vegas na Amurka, ta wallafa abin da ta gano a 2012. Waɗanda abin ya kama sun gaya mata cewa cin kuɗi ya daina zama burinsu, abin da suke nema shi ne su ci gaba da zama cikin wani yanayi da lokaci da jiki da damuwa suke ɓacewa, su kuma kamfanonin da suke ƙera injinan ma'auninsu shi ne tsawon zaman mutum a gaban inji. Shafin da ba ya ƙarewa, wanda kike ja da yatsa wani bidiyo yana biyo wani, a kan wannan hikima yake. Aza Raskin, wanda ake danganta ƙirƙirar irin wannan shafi gare shi a 2006, daga baya ya fito fili ya nuna nadamarsa.

Waya tana ba ki biyu daga cikin sharuɗɗan da na lissafa wa mai tambaya na farko, domin abin yi na gaba a bayyane yake, wato ki ja yatsa, kuma sakamako nan take yake zuwa. Na ukun ne babu, domin ba ta neman wata gwaninta daga gare ki, bidiyo na ɗari bai fi na farko wuya ba, ke ma ba ki fi yadda kika fara iyawa ba. A ganina wannan ne ma'aunin da ya fi kowane sauƙi: telan can ya tashi da asuba jiki a gajiye amma ga riguna a rataye kuma ransa wasai, ke kuwa kina tashi daga awa uku da nauyin kai da haushin kanki. Csikszentmihalyi ya ga makamancin wannan tun kafin a yi wayar hannu. Ya riƙa ba mutane wata 'yar na'ura da take ƙara kusan sau takwas a yini har mako guda, duk sa'ad da ta yi ƙara su rubuta abin da suke yi da yadda suke ji. A rahoton da ya fitar tare da Judith LeFevre a 1989 kan ma'aikata a Chicago, fiye da rabin amsoshin da aka bayar a wurin aiki sun faɗa cikin yanayin nutsewa, na lokacin hutu kuwa ba su kai ɗaya cikin biyar ba, kuma kallon talabijin yana cikin abubuwan da suka fi ƙarancinta. Abin mamaki, mutanen nan a wurin aiki sun fi cewa da ma wani abu dabam suke yi. Ɗan Adam ke nan, bai cika sanin inda daɗinsa yake ba.

Littafi kuwa, yadda yawancin ɗalibai suke karanta shi, babu ko ɗaya daga cikin sharuɗɗan. "Yau zan yi karatu" niyya ce da ba ta gaya wa hankali inda zai sa ƙafa ba, kuma idan kika bi shafi da ido daga sama har ƙasa, babu abin da zai gaya miki ko ya zauna ko bai zauna ba sai ranar jarrabawa. Gyaran shi ne ki mayar da karatun abin da yake ba ki amsa. Ki ɗauki rukunin magunguna ɗaya, ki karanta, ki rufe littafin, ki rubuta daga ka yadda suke aiki a jiki da illolinsu da waɗanda ba a ba su, sannan ki buɗe ki ga inda kika faɗi. A binciken Henry Roediger da Jeffrey Karpicke na 2006, ɗaliban da suka karanta rubutu sau ɗaya sannan aka yi ta sa su tuno shi sun riƙe kashi 61 cikin ɗari bayan mako guda, waɗanda suka yi ta maimaita karantawa kuwa kashi 40 suka riƙe. Ribar biyu ce, ga riƙewa, ga kuma aikin ya zama kokawa da hankali zai iya shiga.

Sauran maganar ta waya ce. Gloria Mark ta Jami'ar Kaliforniya da ke Irvine ta auna tsawon lokacin da ma'aikata suke yi kan abu ɗaya a kwamfuta kafin su sauya, ta samu kimanin minti biyu da rabi a 2004, daga baya ya faɗo zuwa daƙiƙa 47, ta kuma samu cewa wanda aka katse yakan haura minti 20 kafin ya komo kan aikin da ya bari, kuma kusan rabin katsewar mutum ne yake yi wa kansa. Sophie Leroy ta nuna a 2009 cewa idan aka bar aiki bai kammala ba aka koma wani, wani yanki na hankali yakan maƙale a na farkon. Taura biyu ba ta taunuwa, kuma leƙen daƙiƙa goma da kike yi wa WhatsApp ya fi daƙiƙa goma tsada, domin saƙon da kika gani ba ki amsa ba zai biyo ki cikin shafin. Kifa wayar a kan tebur bai isa ba, ki bar ta a wani ɗaki ko a hannun ƙawarki, in kuma littattafanki a cikinta suke, ki buga shafukan ranar a takarda. Ki ajiye 'yar takarda a gefe, duk abin da ya faɗo miki a rai ki rubuta shi ki wuce. Mintunan farko ba za su yi daɗi ba, kuma yawancin mutane a nan suke tashi suna zaton ba su iya ba. Akwai tsarin da Francesco Cirillo ɗan Italiya ya fito da shi a ƙarshen shekarun 1980, na yin aiki minti 25 a huta biyar. Yana da amfani wajen yaudarar kai a fara, amma idan agogon ya buga alhali kin riga kin nutse, ki kashe shi ki ci gaba.

Tambaya, daga wani mai hadda a Damagaram: Na haddace izu 22. Idan ina tilawar abin da ya zauna, sai in yi izu biyar ban san lokaci ya tafi ba. Amma ƙarin sabon allo wahala ce zalla, ba na jin wannan daɗi ko kaɗan. Ko akwai kuskure a hanyata?

Amsa: Allah ya sa albarka, ya cika maka sittin. Babu kuskure, aiki biyu ne mabambanta kake yi, kuma ba a auna ɗaya da ma'aunin ɗayan. A tilawa harshenka ya riga ya san hanya, aya tana janyo aya, kunnenka yana kama kuskure nan take, tsawon karatun kuma ya isa ya riƙe ka a farke. A sabon allo kuwa da gangan kake tsayawa inda ba ka iya ba, kana tuntuɓe kana komawa, kana lura da kanka a kowace gaɓa, kuma lura da kai shi ne abin da nutsewa take kawarwa.

Anders Ericsson, masani ɗan Sweden, shi da abokan aikinsa sun yi nazarin ɗalibai masu goge irin na Turawa a makarantar kiɗa ta Berlin, suka wallafa a 1993. Sun samu cewa abin da ya raba gwanaye da sauran shi ne yawan atisayen da suke yi su kaɗai a kan wuraren da suke musu wuya, kuma atisayen yana gajiyarwa har ma mafiya ƙwazo ba su wuce awa uku da rabi zuwa huɗu a yini, a rarrabe, galibi da safe, suna kuma yawan barcin rana. Ericsson ya dage cewa irin wannan atisaye ba don daɗi ake yinsa ba, kuma ya sha bamban da halin da Csikszentmihalyi ya bayyana. Ina tare da shi a wannan, domin masu tallata nutsewa a matsayin maganin komai sun sa mutane suna ganin duk aikin da ya yi ɗaci alamar ɓatan hanya ce. Kowa ya ci zomo ya ci gudu, kuma daɗin izu biyar ɗin nan da kake sha yau, ɗacin allunan da ka wanke bara ne ya saya maka shi. Ka ba ƙari lokacin da kanka ya fi sabo, bayan asuba kamar yadda alarammomi suka saba, ka gajarta zaman, ka bar tilawa ta ɗauki sauran lokutan. Abu ɗaya kawai za ka kiyaye, shi ne kada daɗin tilawa ya sa ka riƙa komawa surorin da suka fi zama kana tsallake masu rawa.

Tambaya, daga wani ɗan kasuwa a Kumasi: Shin wannan nutsewa ita ce khushu'in da ake nema a salla?

Amsa: Alhaji, fassara khushu'i aikin malamai ne, amma a iya abin da ke hurumin wannan fili, sun haɗu a gefe ɗaya sun rabu a wani. Nutsewar da masana halayya suke nufi ba ruwanta da kyau ko munin abin da ake yi, kuma Csikszentmihalyi da kansa ya yarda cewa ɓarawo mai fasa gida yana iya samunta. Khushu'in da farkon Suratul Mu'minun ya siffanta muminai da shi kuwa ƙanƙan da kai ne ga Allah tare da halartowar zuciya, wanda yake neman mutum ya san gaban wa yake tsaye. Inda suka haɗu shi ne wajen share fage. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Nana A'isha cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi salla da wani mayafi mai zane, da ya idar sai ya sa a mayar wa Abu Jahm da shi a karɓo masa maras zane, domin zanen ya ɗauke masa hankali. Muslim kuma ya ruwaito hanin yin salla alhali an ajiye abinci ko mutum yana matse da bawali ko bayan gida. Abin lura shi ne an ɗauke abin da yake jan hankalin ne gaba ɗaya, maimakon a bar shi a wurin a ce zuciya ta yi ta fama. Ga ɗan kasuwa, wannan yana nufin ka rufe lissafin da ke hannunka ko ka rubuta inda ka tsaya kafin ka tashi alwala, ka kashe waya, ka kuma riƙa sauya surorin da kake karantawa tare da sanin ma'anarsu, tunda surar da harshe ya saba da ita fiye da kima takan karanta kanta ta bar zuciya a shago.

Tambaya, daga wata uwa a Jos: Ɗana shekararsa 11. Idan ya sami tsohon rediyo ko tocila yana kwancewa, sai in kira shi sau biyar bai ji ba, haka ma in ya sami wasan waya. Amma malaminsa yana ƙorafin ba ya mayar da hankali a aji. Raini ne ko larura?

Amsa: Hajiya, yawanci ba raini ba ne, domin yaron da ya duƙufa da gaske kiran bai isa gare shi ba, kuma dafa kafaɗarsa ya fi ɗaga murya daga madafa. Abu na farko shi ne a duba jinsa da ganinsa a asibiti, saboda yaron da ba ya ganin allo sosai daga bencin baya haka ake yi masa shaidar rashin kula. Bayan haka ki tambayi malamin ko a duk darussa ne ko a wasu kawai, domin yaron da darasi ya yi masa sauƙi da wanda aka wuce shi tun zangon baya duk taga suke kallo. Idan kuwa abin ya game ko'ina, yana yawan mantuwa da ɓatar da kaya, ba ya ƙarasa abin da aka sa shi a gida da makaranta da islamiyya, kuma ya daɗe a haka, to ki kai shi wurin likitan yara ko na ƙwaƙwalwa, domin larurar ƙarancin tattara hankali da likitoci suke kira ADHD takan zo a haka, yaro ya kasa riƙe hankali kan abin da bai ja shi ba, ya kuma kasa cire shi daga abin da ya ja shi. Likita ne kaɗai zai tabbatar, kuma duka ba ya gyara ta.

Kada kuma ki haɗa rediyon da wasan waya a kwando ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a 2019 da sanya kamuwa da wasannin na'ura cikin jerin cututtuka, amma sai idan wasan ya fi ƙarfin mutum, ya ture barci da karatu da zumunci, kuma yawanci ya ɗauki kimanin wata 12 a haka. Ki ƙayyade masa lokacin wasan, ki sanar da shi saura minti biyar kafin ki karɓe, kada wayar ta kwana a ɗakinsa. Rediyon kuwa ki ƙara masa wani, kuma idan akwai amintaccen mai gyara a unguwarku, ki sa mahaifinsa ya yi masa magana yaron ya riƙa zama wurinsa ranar Asabar.